Kwana Uku a Shagon Ɗantani

Ranar Laraba, bayan La'asar,
na kai wayata caji shagon Ɗantani,
nan bakin tashar Aliero, daura da mai shayi.
Ya manna mata lamba ashirin da bakwai,
ya ba ni guntun kwali, na soke a hula.
Da Magariba na dawo, na iske kwaɗo.
Wai rasuwa aka yi masa a Jega,
ya kulle wayoyin rabin unguwa, ya faɗa mota.

Daren nan barci ya yi mini rowa.
Hannuna sai zuwa aljihu yake, ba da aikena ba,
kamar akuyar da aka kwance
ta ƙi barin zagayen turke.
Sau uku cinyata na rawa,
in laluba, ba kowa,
sai makullin babur da ɓarin goro.

Da safe na sauka fadama da idanuna biyu.
Dā in na tada inji, sai in duƙa kan gilashi
ina raba gardamar mutanen da ba su san da ni ba,
har ruwa ya fasa fangali ya shige gonar Manu.
Ran nan na bi ruwan da ƙafa.
Ashe yana da murya in ya taɓa busasshiyar ƙasa,
wata 'yar tsuwa, kamar mai shan kunu da zafi.
Ganyen gabas duk sun yi fari-fari,
ƙwari sun yi mako biyu suna walima,
ni ina tsaye a kansu, ina dariyar wani a Legas.

Da na shiga gida, Inna Kulu ta ɗago kai:
"Ige, shimfiɗa tabarma, mun yi baƙo.
Wanga mai kallon mutane, daga ina?"
Aka yi dariya. Ni ma na yi, rabi.

Tumba ta kawo mini ruwa, ta washe baki,
na ga giɓi.
Na ce, yaushe?
Ta ce, "Tun kafin Sallah, Baba.
Na nuna maka haƙorin a tafin hannu,
ka ce to."

Wannan to ɗin
shi ya kwana zaune a ƙirjina.
To nawa na raba a gidan nan
kamar mai biyan bashi da tsakuwa?

Ran Asabar Ɗantani ya dawo.
Muka yi masa gaisuwa a gaggauce, Allah ya yafe mana,
kowa idonsa na kan kanta.
Saƙo ɗari huɗu da sha biyu:
furannin Juma'a, zagin 'yan siyasa,
maganin basir, wata akuya mai kai biyu.
Guda ɗaya ne ya neme ni da sunana,
dillalin Anacha, yana son buhu talatin.
Da ya ji shiru, ya saya wurin Manu.
Na yi asara, ba zan rufe ba.
Na ciji yatsa har Azahar.

Don haka ban jefa ta rijiya ba,
ba ni da wadatar yin fushi da kasuwa.
Ƙusa na buga a zaure, na rataya tsohuwar jaka.
Daga kiran Magariba nan take kwana,
ita da takalmana.
Wani daren ina saɗaɗawa,
Ige ta yi gyaran murya daga ɗaki,
in dawo ina kame-kamen duba ƙofa.

Jiya Tumba ta ja ni bakin fitila,
ta ɗaga leɓe da yatsa.
Wani ɗan fari ya leƙo daga dasashi,
kamar irin albasa a kwana na shida.
Ta ce ko Inna ba ta gani ba tukuna.

A zaure jaka tana ta ɓari.
Na ce, buɗe da kyau,
ban gama gani ba.